Kurakuran masu aiki da rana, karatun injiniya da dare

Duk lokacin da rajistar makarantu ta ƙarato sai saƙonni su fara shigo mini daga Jidda da Makka: "Yaya, na samu inda ake karatun injiniya da dare, ka duba mini." Yawancinsu ƙannenmu ne masu aikin hannu, masu gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, masu jan waya a sababbin gine-gine, masu kula da lantarki a otal-otal ɗin da ke kewaye da Harami. Niyyar mai kyau ce. Abin da ya ishe ni shi ne ɓarnar da wancan ya yi bara ita wannan yake shirin yi bana, kuma idan ka yi magana a ce ba ka so a ci gaba. To, bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura masa.

Na farko, kuma shi ne wanda har yau idan na tuna raina yake ɓaci: biyan kuɗi kafin a san ko takardar tana da amfani. A ƙasar nan ba ka zama muhandis, wato injiniya, don wata makaranta ta buga maka kwali mai zinare a gefe. Akwai Hukumar Injiniyoyi ta Saudiyya, Hai'atul Muhandisin, kuma sai ta yi maka rajista kafin ka yi aiki da wannan suna. Idan kai baƙo ne, sana'ar da ke rubuce a igamarka, wato katin izinin zamanka, ba za ta koma muhandis ba sai da wannan rajistar. Ni wani dillali ne ya haɗa ni da wata makaranta ta intanet da ke wata ƙasa, ya rantse mini an san ta ko'ina, har da nuna mini hotunan mutane sanye da rigar yaye. Na biya daga albashin da nake rage wa iyalina. Na yi karatun tsakani da Allah, ba wai takardar bogi na saya ba. Da na kai wurin tantancewa, tambayar da aka fara yi mini ita ce: intizam ne ko intisab? Wato ka zauna a aji ne, ko daga nesa ka yi? Sannan ina ɗakin gwajin da ka yi aiki a ciki? Ba ni da amsa. Kuɗi ya tafi, shekaru sun tafi, dillali ya canja lamba.

Kuma idan ka natsu, tambayar tasu gaskiya ce. Wane irin injiniyan lantarki ne bai taɓa haɗa da'ira a kan tebur ya auna ta da hannunsa a gaban malami ba? Shi ya sa cikakken digirin injiniya, wanda a nan yakan ci shekara biyar idan ka haɗa da shekarar share fage, ba abu ne da ake samu a banza cikin dare ba. Jami'ar Saudiyya ta Intanet da aka kafa a 2011, da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Larabawa da ke da reshe a Jidda, makarantu ne na ƙwarai masu sauƙi ga ma'aikaci, amma ƙarfinsu yana wajen kwamfuta da harkar gudanarwa. Wanda yake son lantarki ko kanikanci ko gini kada ya shiga can ya fito yana tsammanin za a kira shi abin da bai karanta ba. Hanyar da na ga ta fi kai mutane ita ce ta hawa biyu: difloma a kwalejin fasaha mai zangon yamma, sannan tajsir, a ɗora zuwa digiri. Ko wannan ɗin ma ka fara tambaya ko ana ɗaukar mai irin takardunka, domin sharaɗin ɗan ƙasa daban, na mai igama daban, kuma mu Hausawan nan muna da kowane iri, wani lokaci ma a gida ɗaya.

Maganina, wanda wasu suke cewa ya yi tsauri: kada ka biya ko riyal ɗaya sai ka aika wa Hukumar Injiniyoyi sunan makarantar da sunan shirin da salon karatun, ka samu amsa a rubuce. Ba amsar ma'aikacin makarantar ba, shi kasuwarsa yake ci. Sannan ka nemo mutum guda, mai rai, mai lambar waya, da ya gama wannan shirin kuma aka yi masa rajista. Idan makaranta ta kasa nuna maka ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Ka kuma sani tun 2021 an ware wa 'yan ƙasa kashi 20 cikin ɗari na guraben injiniya a kamfanonin da dokar ta shafa, daga baya ma an ƙara. Wannan ba dalilin fasawa ba ne, dalili ne na zaɓar takardar da za ta yi maka aiki a Kano ko Yamai ko Bur Sudan idan zama ya ƙare.

Sai ɓoye wa mai gida. Wannan wautar ban san wa ya koya wa yaranmu ita ba. Mutum ya yi rajista a ɓoye don kada mudir, wato shugabansa a wurin aiki, ya ce hankalinsa ya rabu, sai ranar jarrabawa ta zo ya fara ƙaryar ciwon ciki. Ƙanena, dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta yi magana a kanka. Sashe na 115 ya ce idan mai aikin ya amince da karatunka, kana da hutu da cikakken albashi na kwanakin jarrabawa, matuƙar ba maimaita shekara kake yi ba. Idan bai amince ba, za ka iya ɗaukar kwanakin daga hutunka na shekara, in babu kuma ka ɗauka ba albashi. Sharaɗin shi ne ka nema aƙalla kwana 15 kafin lokacin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka sa wankakkiyar riga, ka shiga ofis, ka ce: "Mudir, ina so in ƙara karatu a kan aikin da nake yi muku." Ka sa ya sa hannu a takarda. Mafi munin abin da zai ce shi ne a'a, kuma ko da a'a ɗin ka san inda ka tsaya.

A nan ne ma zan faɗi abin da mutane da yawa ba sa yarda da ni a kai: idan aikinka na wardiyya ne, wato na karɓa-karɓa, kamar gyare-gyare a otal ko asibiti, ka juya lamarin. Ka nemi aikin dare, ka yi karatun da safe. Ɗakunan gwaji da safe suke buɗe, malamai da safe suke da sauran haƙuri, kuma ƙwaƙwalwarka ce za ta samu sa'o'in da suka fi kyau, ba injin sanyaya ruwa ba. Yana da wahala a jiki, ba na musu.

Yanzu babban abin da ke kashe karatun waɗanda suka tsallake wancan: raina lissafi. Ku masu hannu ne, na sani. Kai da jin ƙarar kwamfiresa kaɗai ka san abin da ke damunta. Wannan gwanintar ce take yaudararku, sai mutum ya shiga aji yana ganin ai shi ya riga ya san aikin, takarda kawai ya zo karɓa. Zangon farko kalkulas ya yi masa dukan kawo wuƙa, ya dawo yana cewa malamin mugu ne. Malamin ba mugu ba ne. Kai ne rabonka da aljabra tun sakandare, ka manta yadda ake haɗa ɓangarori biyu masu ƙasa daban, amma kana so a koya maka saurin canjin abu a kan lokaci.

Bari in gwada ka. Ka shekara nawa kana jan wuta mai layi uku? Ka san tsohon tsarin gidajen nan bolt 127 da 220 ne, sabon kuma 230 da 400. Me ya haɗa 127 da 220, kuma me ya haɗa 230 da 400? Ninka kowanne na farko da 1.732 ka gani. Wannan lambar ita ce tushen uku, kuma ta fito ne daga tazarar digiri 120 da ke tsakanin layukan. Idan ba za ka iya zana wannan a takarda ka nuna inda ta ɓullo ba, to ba ka shirya wa darasin da'ira ba, komai yawan gine-ginen da ka sa wa wuta. Haka kuma wutar Saudiyya tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan sau 50. Shi ya sa injin lantarki mai sanda huɗu lissafinsa juyi 1,800 ne a minti a nan, a gida kuma 1,500. Kai ka san injin da aka kai gida yakan canja hali. Injiniya shi ne wanda zai faɗi nawa zai canja tun kafin a sa shi a kwantena. Wannan tazarar ita kake biyan kuɗi don ka rufe, kuma da fensir ake rufe ta.

Abin da nake sa duk wanda ya zo wurina ya yi: wata shida kafin rajista, ya sayi littafin lissafin sakandare, aljabra da tirigonometiri, ya riƙa warware tambayoyi bayan sallar asuba, minti 40 kafin ya fita dawam, wato aiki. Da hannu, a takarda. Kallon bidiyo a YouTube kana kwance ba karatu ba ne, kai dai ka ga wani yana karatu. Kuma idan da Larabci ka yi makaranta, ka haɗa da Turanci tun yanzu, domin littattafan injiniya a jami'o'in nan da Turanci suke. Wanda ya ce mini ba shi da wata shida, nakan ce masa ai kuwa yana da kuɗin maimaita zango.

Sauran ƙanana ne, amma suna taruwa. Kwasar darussa da yawa: mako sa'a 168 ne, aiki ya ci 48 a doka, barci ya ci nasa, kuma kowace sa'a ta aji tana neman kamar biyu a gida, saboda haka darasi biyu ko uku sun ishe ka. Dogaro da Ramadan: gaskiya ne dawam yakan sauko zuwa sa'a shida ga Musulmi, amma wanda yake aiki a otal a Makka ya san Ramadan da Hajji su ne lokacin da ba a ganin gida, kuma watannin suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, sai ka duba kalanda kafin ka zaɓi zango mai nauyi. Hanya: tun da aka rushe unguwannin Jidda irin su Karantina da Gulail da Sabil, da yawa daga cikinmu sun koma nesa, ka lissafa sa'o'in mota kafin ka yi wa kanka alƙawarin aji na ƙarfe shida. Bai wa manhajar waya aikin gida ta warware maka: a zauren jarrabawa ba ta shiga. Lemon gwangwani mai hana barci, sannan gobe ka hau tsani ka taɓa waya mai wuta: wannan ba ƙwazo ba ne, neman marayu ne.

Kuma ka zauna da matarka kafin ka fara, ba bayan ta ga kuɗin cefane ya ragu ba. Ka gaya mata shekara nawa ne, nawa ne kuɗin, wace rana ce tata a mako. Tawa Juma'a ce, daga asuba zuwa isha ba na buɗe littafi ko da jarrabawa ranar Lahadi. Takardunka kuwa, na sakandare da na difloma, ka fara bin sawun hatiminsu tun yau, daga ma'aikatar ilimi ta ƙasar da ta ba ka har ofishin jakadanci, domin wannan zirga-zirgar takan ci watanni, kuma ɗan'uwan da za ka aika a gida shi ma yana da nasa aikin.