Yadda na toshe hasken da ke ɓata hotunan tsohuwar kyamarata

Pentax K1000 ce, samfurin da ya fara fitowa a 1976, na tsince ta cikin kayan gwanjo. Tana ɗaukar hoto ko babu batir, ma'aunin haske ne kawai ke cin ƙaramin batir LR44. Amma da aka wanke fim ɗin farko, kowane hoto da jan zane a gefe.

Ashe soson bakin murfin baya ne ya narke, ya koma baƙin danƙo mai manne wa yatsa, haske na kutsawa ta mahaɗin murfin. Da tsinken sakace na kankare shi, don ƙarfe zai kwashe fenti. Na goge wurin da auduga da sifirit, ina kaffa-kaffa da labulen yadin da ke ciki, wanda ke buɗewa haske ya faɗa kan fim lokacin ɗaukar hoto. Na manna sabon soso siriri a mahaɗin, ramukan sama da ƙasa kuma na cusa musu baƙin zaren ulu. Fim na biyu ya fito tas.