Robar da ake sakawa bayan aikin tsakuwar ƙoda

'Yan'uwa mazauna Jidda da Makka, in an saka muku siririyar roba tsakanin ƙoda da mafitsara, ku tambayi ranar cire ta kafin a sallame ku. Galibi mako 2 zuwa 6 take yi. In ta daɗe watanni, gishirin fitsari kan daskare a jikinta, ta toshe, ƙwayoyin cuta su samu mazauni. Cirewar 'yan mintuna da na'urar leƙa mafitsara sai ta koma tiyata, har ƙodar ta iya lalacewa.

A sha ruwa lita 2 zuwa 3 kullum, zafin ƙasar nan ba wasa ba. Ɗan jini a fitsari ba abin tsoro ba ne. Amma zazzaɓi da rawar sanyi, ko fitsari ya tsaya, a kira 997, lambar motar asibiti ta gaggawa.