Kafin ka biya kuɗin injin banso, tafi da katakonka

Salam ƴan uwa kafintoci. In za ka sayi banso, injin nan mai zarton da ke zagaya taya biyu kamar bel, ka tafi da guntun katakonka mai kauri, irin madaci, ka yanka a gaban mai kayan.

Kar ka yarda da falankin da zai miƙo maka. Siririn katako ko wane inji zai yanka, amma mai kaurin inci 4 ko 5 nan take zai nuna maka gaskiyar motar injin, wato abin da ke juya zarton, in ta fara nishi tana rage gudu ko zarton yana karkacewa yana barin layi to akwai magana, wallahi ni sai da na kai nawa gida na gane haka kuma abin ya min ciwo sosai.

Amma fa gwajin ba kullum yake faɗin gaskiya ba. In zarton ya dakushe, inji mai kyau ma karkacewa zai yi, sai ka ce a sa sabo a sake. Haka in wuta ba ƙarfi ko janareto ƙarami ne.

In na hannu ne daga Amurka duba ɗan farantin da aka rubuta bayanan motar a kai, yawanci wuta mai volt 120 suke ci, wutarmu kuwa volt 230 ce.