Ƙarfin turbo yana zuwa yana ɗaukewa: kurakuran da aka fi yi wajen gyara

Masu Hilux da Prado da sauran motocin gazuwal masu turbo (na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska), a Garwa ko Marwa ko Kusiri, kun san abin nan: mota na tafiya lafiya lau, ka zo hawan dutsen hanyar Ngaundere ko za ka wuce tirela sai ta yi sanyi a ƙafarka, ka taka totur har ƙasa ba ta amsawa, ka kashe ka sake tayarwa kuma ta dawo garau kamar ba ita ba.

Babban kuskure shi ne daga jin haka bakanike ya ce "Alhaji turbo ya tafi, a kawo wani." Turbon da ya lalace da gaske ba ya warkewa don an murɗa makulli. Yawanci kwamfutar motar ce ta ga matsin iska ya yi ƙasa ko ya wuce kima, sai ta rage ƙarfin injin da kanta don kar ya fashe. To a nemi abin da ya tsorata ta tukuna.

Wasu kuma sai su cire kan batir ko su goge lambar matsala wai an gyara. An goge shaida ne kawai. A sa na'urar bincike, wadda muke ce wa valiz, a rubuta lambar kafin a taɓa komai: P0299 iska ta gaza ke nan, P0234 ta yi yawa, kuma hanyar gyaransu ba ɗaya ba ce.

Sai gwaji a tsaye cikin gareji, a yi ta zuga inji ana cewa ai ga shi lafiya. Turbo ba ya cika tiyo da iska sai mota na jan nauyi, shi ya sa tiyon intakula (mai sanyaya iskar turbo) da ya tsage ta ƙasa, wajen da ido ba ya kaiwa, sai a kan hawa yake buɗe baki, kana sauka ya rufe. Ka zura hannu ka shafa ƙarƙashin kowane tiyo da bakin koliye, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure tiyon, inda ka ji danshin baƙin mai ƙura ta manne a kai, nan iskar take gudu. In da baƙin hayaƙi da ƙarar fiii lokacin da ƙarfi ya ɗauke, kusan magana ta ƙare. Ƙananan tiyon roba masu jan wastegate (bawul ɗin da ke daidaita matsin iskar turbo) ma zafin Maris da Afrilu yana busar da su su tsattsage, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba amma ba mai kallonsu.

Motar da kullum cikin gari take, daga gida sai kasuwa, fukafukan cikin turbonta kan cushe da baƙin toka su riƙa maƙalewa jefi-jefi, haka bawul ɗin EGR mai mayar da hayaƙi cikin injin da sensan MAP mai auna matsin iska. Wanki suke so. Shi kuma sensan MAF, mai auna iskar da ke shiga injin, don Allah kar a wanke shi da fetur ko a sa masa tsinke, akwai feshinsa na musamman.

Matatar iska da ta mai fa? Da ƙurar hunturu da gazuwal ɗin jarka na bakin hanya, su ya kamata a fara dubawa tun kafin a kwance ƙusa ɗaya a jikin turbo.