Yadda ake saita Babel a rezon da ya haɗa waya da iska a Damagaram

Idan makaranta a Sabon Gari tana da layin intanet, kuma ana so a raba shi da wani ɗakin karatu a Zengu da wani wurin aiki a Birni, da wuya hanya iri ɗaya ta wadatar. Gine-ginen da ke cikin harabar guda za a haɗa su da waya, waɗanda ke nesa kuwa sai ta iska, da eriya a kan rufi. Duwatsun da suka tokare cikin birnin Zinder da dogayen katangun Birni sukan tare tsakanin eriya biyu, saboda haka dole saƙo ya ratsa ta wani gidan kafin ya isa inda aka nufa. Irin wannan rezo, wanda kowace ruta (na'urar da ke tura saƙo daga gida zuwa gida) a cikinsa take da maƙwabta fiye da ɗaya, yana buƙatar ƙa'idar da za ta riƙa zaɓen hanya da kanta, ta kuma sauya ta idan wuta ta ɗauke a wani gida. Ƙa'idar da na fi amincewa da ita a wannan aiki ita ce Babel.

Juliusz Chroboczek, malamin jami'a a birnin Paris na Faransa, shi ya tsara ta. An fara wallafa bayaninta a takardar RFC 6126 (RFC jerin takardun ƙa'idojin intanet ne) a shekarar 2011, sannan ta zama tabbatacciyar ƙa'ida a RFC 8966 a 2021. Kowace ruta tana aika gaisuwa ga maƙwabtanta duk bayan daƙiƙa 4, tana kuma sanar da su hanyoyin da ta sani da tsadar kowace, wato lambar da ake auna hanya da ita, mafi ƙanƙanta ita ake fifitawa. Ba ta karɓar hanyar da ka iya mayar da saƙo ya riƙa zagayawa tsakanin na'urori, ko da a lokacin da rezon yake cikin sauyi. Manhajar da ke gudanar da ita sunanta babeld, kuma a kan ruta mai OpenWrt, manhajar da ke tafiyar da ruta, ana girka ta da umarnin opkg install babeld idan sigar tana amfani da opkg.

Kafin a taɓa manhajar, a zauna da takarda a raba adireshi. Kowace ruta a ba ta adireshi guda nata na kanta, misali 10.75.0.1 ga ta makaranta, 10.75.0.2 ga ta Zengu, 10.75.0.3 ga ta Birni, a sa shi a kan ƙofofinta masu fuskantar sauran rutoci. Masu amfani da rezon a kowane gida kuma a ware musu zangon adireshi dabam: 10.75.1.0/24 a makaranta, 10.75.2.0/24 a Zengu, haka nan har ƙarshe. Idan gidaje biyu suka riƙe zango ɗaya, kamar 192.168.1.0 da na'urorin ke zuwa da shi daga kamfani, saƙon wani zai riƙa faɗawa gidan wani. Kada kuma a haɗe ƙofar da ke fuskantar maƙwabta da ta masu amfani a gada ɗaya. Rediyon da zai haɗa rutocin a sa shi a tsarin adhoc ko 802.11s, da suna ɗaya da tasha ɗaya a ko'ina, a zaɓi lambar ƙasa NE domin a tsaya cikin tashoshin da aka halatta a Nijar. Wanda ya zaɓi 802.11s ya mayar da mesh_fwding zuwa 0, in ba haka ba rediyon zai riƙa zaɓen hanya a ɓoye, Babel kuma ta ɗauka duk rutocin maƙwabtan juna ne.

Saitin kansa gajere ne. A fayil ɗin /etc/babeld.conf na rutar makaranta za a rubuta:

interface eth1 type wired
interface mesh0 type wireless
interface eth2 type wireless
redistribute local ip 10.75.0.0/24 allow
redistribute local deny
redistribute ip 10.75.1.0/24 eq 24 allow
redistribute ip 0.0.0.0/0 le 0 metric 128
redistribute deny
local-port 33123

Layi na uku shi ne wanda ya cancanci dogon bayani, domin a nan ne rezon yake gyaruwa ko ya lalace. Ƙofar eth2 ramin waya ce, amma wayar da aka soka mata tana hawa rufi ne zuwa wata eriya mai harba saƙo zuwa Birni. A idon ruta wannan waya ce, alhali a haƙiƙa iska ce. Babel tana auna iri biyun nan da ma'auni dabam. Hanyar waya tsadarta 96 ce, kuma muddin biyu daga cikin gaisuwa uku na ƙarshe sun iso, ana ɗaukarta lafiyayya sarai. Hanyar iska kuwa tana farawa daga 256 idan babu saƙon da ke ɓacewa, tsadar kuma tana hawa gwargwadon asarar: idan rabin gaisuwar ɓangare ɗaya ba ya isowa, ta zama 512. Idan aka bar babeld ta yi hasashe da kanta, za ta ba eriyar Birni 96, ta fifita ta a kan hanyar Zengu mai inganci, ko da guguwar farkon damina ta karkatar da eriyar har tana zubar da saƙo. Abin da masu amfani za su gani shi ne rezo mai zuwa yana ɗaukewa, domin hanyar za ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Da kalma ɗaya, wireless, sai ruta ta fara auna asarar, ta koma bi ta Zengu da zarar tsadar hanyar kai tsaye ta haura jimillar tsadar hanyar makaranta zuwa Zengu da ta Zengu zuwa Birni.

Akwai iyakar wannan awo da ya kamata a sani. Gaisuwar da ake aikawa ga kowa da kowa tana tafiya ne da mafi ƙarancin gudun rediyo, shi ya sa takan iso lafiya a hanyar da ba za ta iya ɗaukar bidiyo ba. Ɗaga mcast_rate zuwa 12000 a saitin rediyon OpenWrt yana sa awon ya fi kusa da gaskiya. Inda kuma aka san wata hanya lafiyayya ce amma ƙunci gare ta, ana iya ƙara mata tsada da hannu, a rubuta rxcost 512 a ƙarshen layinta.

Layukan redistribute su ne ke faɗin abin da ruta za ta sanar da maƙwabta cewa tana da shi, kuma ana bin su daga sama zuwa ƙasa, wanda ya fara dacewa shi ke aiki. A nan ruta ta sanar da adireshinta, da zangon masu amfani na gidanta, ta hana duk sauran. Layin 0.0.0.0/0 shelar cewa ga mafita zuwa intanet ce, don haka rutar makaranta kaɗai za ta ɗauke shi, a goge shi a sauran. Idan akwai mafita ta biyu mai amfani da katin SIM, wadda kuɗinta ya fi yawa, a ba ta babbar lambar metric kamar 1024 domin kada a bi ta sai ta farko ta faɗi. Abu biyu ne ke kawo cikas a nan. Hanyar da aka shigar da hannu ta umarnin ip route add tana ɗauke da alamar boot, kuma babeld ba ta sanar da irin wannan sai an ƙara proto 3 a layin. Na biyu, babeld tana duba teburin hanyoyin ruta ne kawai: idan kuɗin intanet ya ƙare amma hanyar tana nan a tebur, za ta ci gaba da shelar, kowa ya riƙa tura saƙo zuwa ƙofar da ba ta fita. Maganinsa ƙaramin shiri ne da zai riƙa gwada layin lokaci zuwa lokaci, ya cire hanyar idan ba amsa.

Sai katangar tsaro. Babel tana magana ta UDP a lamba 6696, da adireshin IPv6 na cikin gida masu farawa da fe80, ko da rezon gaba ɗayansa na IPv4 ne. Wanda ya kashe IPv6 a kan ƙofa don yana ganin ba ya buƙatarsa, ya toshe bakin ruta ke nan. A buɗe 6696 ga maƙwabta, a kuma yarda saƙo ya ratsa daga wannan ƙofa zuwa waccan. Tun da iska ba ta da kuba, duk wanda ya shigo da ruta zai iya shelar hanyoyin ƙarya, saboda haka ina ganin wajibi ne a sa mabuɗin sirri na hmac-sha256 da RFC 8967 ta tanada, iri ɗaya a dukkan rutocin.

Bayan an tayar da manhajar da /etc/init.d/babeld restart, a shiga nc ::1 33123 a rubuta dump. Kowane maƙwabci zai fito a layinsa. Idan an ga reach ffff, gaisuwa 16 na ƙarshe duk sun iso. Idan tsada ta nuna 65535, hanyar a mace take, kuma sau da yawa dalilin shi ne ɓangare ɗaya yana ji, ɗayan ba ya ji, wato katangar tsaro ko eriya. Daga nan a yi gwajin da ya fi kowane muhimmanci: a bar ping yana gudu daga Birni zuwa makaranta, a aika wani ya zare wutar rutar da saƙon ke bi. Amsa za ta tsaya na ƴan daƙiƙoƙi, sannan ta dawo ta ɗaya hanyar. A maimaita gwajin da tsakar rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma akwatin da ke kan rufin kwano yake gasuwa, domin rutar da ke kashe kanta tana tashi saboda zafi za ta bayyana a lambar reach tun kafin masu amfani su fara kira.