Darasi na Bakwai: Aikin Lambu a Lokacin Zafi Bisa Kwanan Wata

Wata yakan ɗauki kwana 29 da rabi daga wannan tsayuwa zuwa ta gaba, kuma masu lambu a ƙasashe da dama sun daɗe suna raba aikinsu bisa wannan lissafi. Daga ganin jinjirin wata zuwa daren 14 ko 15, lokacin da haskensa ke cika, sukan shuka abin da amfaninsa ke fitowa a saman ƙasa, kamar latas, tumatir, wake da kokwamba. Idan wata ya fara raguwa sai su koma kan masu ajiye amfaninsu a cikin ƙasa, irin su karas, albasa da dankali, kuma a wannan tsakanin ne suke rage wa itatuwan marmari rassa. Kwanakin duhu na ƙarshe na cire ciyawa ne da gyaran ƙasa.

Binciken masana aikin gona bai tabbatar da cewa hasken wata yana ƙara yabanya ba. Duk da haka tsarin yana da amfani, domin yana ba kowane aiki ranarsa, ba ya bari aiki ya taru wa mutum. Sai dai a lokacin zafi ku fara duba ƙasa tukuna kafin ku ɗaga kai ku dubi sama. Irin latas, alal misali, ba ya tsira da kyau idan zafin ƙasa ya haura digiri 30, don haka ko ranar shukarsa ta zo, gara ku yi masa inuwa ko ku jira sanyin la'asar.

Ban ruwa kuwa ba ya jiran wata. Ku yi shi da sassafe, a gindin shuka, ku zuba a hankali har ya ratsa zuwa saiwa, sannan ku rufe gindin da busasshiyar ciyawa don danshi ya daɗe. Tumatir da ya sha ƙishirwa kwana da kwanaki, sannan aka kwarara masa ruwa lokaci ɗaya, 'ya'yansa sukan tsage, kuma wannan asara ce da ake iya kauce mata. Dashe ma da yamma ya fi dacewa. Itacen marmari kada a yi masa aski mai yawa cikin tsananin rana, saboda ganyen ne ke kare 'ya'yan da ɓawon daga ƙuna.

Shukar cikin ɗaki yawan ruwa ya fi kashe ta, domin saiwarta tana ruɓewa. Ku tura yatsa cikin ƙasar tukunyar har gaɓa ta farko: idan ƙasa ta manne masa da sanyi-sanyi, ku dakata, idan kuwa ya fito a bushe, ku zuba ruwa har ya ɗiga ta hudar gindin tukunyar. Masu bin wata sukan sauya mata tukunya ko su ƙara mata taki a kwanakin da haske ke ƙaruwa, kuma taki ba a sa shi sai ƙasa tana da danshi.