Idan Ka Je Bankok, Ka Bar Titi Ka Bi Ruwa

Zuwana uku Bankok kafin in ga kogin garin da idona. Ba raha nake yi ba. In sauka daga jirgi, in kama ɗaki a Pratunam, unguwar 'yan sarin tufafi, in wuni ina sarin kayan yara, in kai wa mai kago, in koma filin jirgi. Abin da na sani game da Tailan ke nan, sai kuma buhun shinkafarsu da muka tashi muna ci a gida. A zuwa na huɗu ne mai ɗinka min kaya ya ce sai na ƙara kwana huɗu, zaman ɗaki ya ishe ni, na fita yawo. Abin da na gano a kwanakin nan, da wanda na ƙara daga baya, shi zan faɗa wa mai shirin tafiya.

Mu fara daga gida. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma cikin takardun da ake nema akwai ta wanke kai daga hukumar NDLEA, don haka ka fara nemanta da wuri. Katin allurar shawara kuwa, ka sa shi cikin fasfo tun daga Kano. Idan ka sauka a filin jirgin Suvarnabhumi, wanda su suke kira Suwannapum, kada ka ruga layin shige da fice tare da Turawa. Nemi teburin jami'an lafiya tukuna, su duba katin su buga maka hatimi. Na taɓa shan layi na kusan awa guda, da na isa gaba jami'ar ta yi min murmushi ta nuna min baya. Tun daga watan Mayun 2025 kuma akwai katin isowa da ake cikewa ta intanet cikin kwana uku kafin sauka.

Daga filin jirgi, idan kayanka ba su da yawa, sauka can ƙasan ginin ka hau jirgin ƙasa. Cikin rabin awa zai kai ka tsakiyar gari, tashar ƙarshe, Phaya Thai, baht 45 ce, baht ɗin shi ne kuɗin ƙasar. Mai zuwa Pratunam sai ya sauka a Ratchaprarop, tasha ɗaya kafin nan. Idan tasi za ka hau, ka ce wa direba "mita" kafin ka rufe ƙofa. Daga baht 35 take farawa, ana ƙara 50 na filin jirgi, kuɗin babbar hanya kuma kai za ka biya. Wanda ya ce mitarsa ta lalace, ka sauka lafiya lau, wata na bayanta.

Da ka shiga ɗaki, kafin ka shimfiɗa sallaya, ka tuna cewa a can alƙibla yamma take. Mu da muka saba cewa mutum ya "kalli gabas" idan zai yi salla, sai da zuciyata ta yi ta gardama a ranar farko. Agogonsu ya riga namu da awa shida, shekararsu kuma ta ɗara ta Miladiyya da 543, shi ya sa za ka ga 2568 a jikin kwalin madara maimakon 2025. Kar ka ce an sayar maka da jabu.

Yanzu ga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Titin Bankok ba abin shiga ba ne da rana. Cunkoson Ƙofar Mata ranar jajibirin salla wasa ne a kan nasu, za ka iya shafe awa a tafiyar da ƙafa za ta ci cikin minti ashirin. Garin kuwa asalinsa a kan ruwa aka kafa shi a 1782, lokacin da Sarki Rama na Ɗaya ya mayar da fada gabashin kogin Chao Phraya, kuma kusan duk abin da ya cancanci kallo yana bakin kogin nan. Hau jirgin ƙasan da ke tafiya a kan gada, wanda suke kira BTS, ka sauka a Saphan Taksin. Matakala za ta sauke ka har bakin ruwa. Za a tare ka da tayin jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido mai tsada, wuce su ka nemi mai tuta ruwan lemo, wanda 'yan gari ke hawa zuwa aiki. Kuɗinsa bai kai baht 20 ba. Ba ya jiran kowa: yaron jirgi ya busa usur, ya ɗaure igiya, ku yi tsalle ku shiga, ya kwance. Mai babbar riga ya tattare ta tun da wuri.

Ka fita da sassafe, ka sauka daga jirgin ruwan a mashigar Tha Chang, Babbar Fada na nan gabanka. A nan aka ci ni. Ina tafe sai wani mutum mai tsaf-tsaf, da farar riga da biro a aljihu, ya gaishe ni da Turanci mai kyau, ya ce ai yau fada a rufe take saboda bikin addini, sai ƙarfe ɗaya za a buɗe. Ya zana min wasu wurare a takarda, ya tsayar min da tuk-tuk, wato adaidaita sahunsu, ya ce baht 20 kacal zai zagaya da ni. Na ce yau na yi gamo da katar. Ashe gamo na yi da 'yan damfara. Shagon duwatsun ado aka fara kai ni, daga nan shagon tela, daga nan wani shagon duwatsun, direba yana roƙona in daɗe minti goma a ciki don a ba shi takardar mai. Ban sayi komai ba, amma rabin yini ya tafi, fada kuwa tun takwas da rabi take a buɗe. Duk wanda ya tare ka a hanya ya ce wuri a rufe yake, ka ce na gode, ka taka har bakin ƙofa ka gani da idonka.

Shiga fadar baht 500 ce ga baƙo, ana daina sayar da tikiti da ƙarfe uku da rabi. Ba a shiga da gajeren wando ko riga mara hannu, wannan kam bai dame mu ba, kaftani da hula sun wuce ba tambaya, mai hijabi ma haka. A cikin harabar ne ɗakin bautarsu mafi girman daraja yake, inda gunkin Buda mai launin kore ke zaune can sama. Tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, amma sarki ne ko wakilinsa ke canja masa tufa sau uku a shekara, na zafi, na damina, na sanyi. Na san akwai wanda zai ce me ya kai Musulmi wurin gumaka. Ni dai aikin hannu na je kallo, ban rusuna wa komai ba, ba kuma wanda ya nemi in rusuna. Takalmi kawai ake cirewa, kuma idan ka zauna kada ka miƙe ƙafa wajen gunkin, a wurinsu babban cin fuska ne. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, daga cikin jirgin ruwa ma zai ga rufin da hasumiyoyin, ya wadatar.

Tafiyar minti goma daga nan akwai wani ɗakin bautar, Wat Pho, mai gunkin da ke kwance, tsawonsa mita 46, an shafe shi da ruwan zinariya. Abin da ya tsaya min a rai ƙara ce: kwanonin ƙarfe 108 a jere a jikin bango, mutane na bi suna jefa tsabar kuɗi, ɗakin duka yana amsawa kamar ruwan sama a kan kwano. A nan kuma makarantar tausarsu ta gargajiya take. Ana yi ne da tufa a jiki, danna ce da lanƙwasa, kamar aikin mai ɗori. Daga mashigar Tha Tien ka tsallaka kogin zuwa ɗakin bautar Wat Arun, ka matsa kusa da bangon. Adon da kake gani daga nesa fasassun faranti da tangaran na Sin ne aka jera su furanni.

Tunda ka tsallaka, kada ka yi saurin dawowa. Wannan ɓangaren, Thonburi, akwai tsofaffin unguwannin Musulmi. Masallacin Tonson yana nan tun zamanin da Ayuttaya ce babban birni, ya girmi Bankok ɗin kanta. Kusa da shi akwai na Bang Luang, fari mai koren rufi, wanda aka gina da fasalin ginin Tailan sak, ba ƙubba. Na wuce shi sau biyu ina tsammanin ɗakin bautar Buda ne, sai da na ga wani dattijo da hula da zani yana alwala. Na yi masa sallama, ya amsa da cikakkiyar Larabci, daga nan kuma harshe ya ƙare, sai hannu da dariya. Idan Juma'a ta riske ka, je masallacin Harun da ke lungu na 36 a titin Charoen Krung. Ana idar da salla lungun ke cika da masu abinci. Mazauna Pratunam kuwa Darul Aman ya fi musu kusa, a lungu na 7 na titin Phetchaburi, da gidajen abincin Musulmi jere a bakinsa.

Batun ci, shi ne ya fi tsorata 'yan'uwanmu, har wasu su zo da garin kwaki da yaji su ƙare kwanakinsu a kansu. Gaskiya naman alade ya yi yawa a girkinsu, har a romo da man suya, don haka cewa "mai sai mu", wato kada a sa alade, ba ta wadatar. Nemi koren tambarin halal, ko jinjirin wata da tauraro a jikin teburin, ko mai sayarwa da ɗankwali. Ka tambayi khao mok kai, dafa-dukan shinkafa ce mai kurkum da kaza a binne ciki, da miya mai tsami-tsami a gefe. Akwai massaman, miyar nama da dankali da gyaɗa da ruwan kwakwa, wadda bakin Bahaushe ba zai yi baƙunta da ita ba. Da dare masu roti, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suna soya shi da ayaba da ƙwai su kwarara madara. Ka kuma ci shinkafa mai danƙo da mangwaro ko da sau ɗaya. Kar ka yi musu fariyar cin yaji, barkononsu ɗan mitsitsi ne amma ya fi attaruhu mugunta, ka ce "mai pet". Idan kewar abinci mai kama da na gida ta taso, lungun Larabawa na Sukhumvit 3/1 a Nana yana nan da gasasshen rago da shayi, sai dai unguwar tana canja kama da dare, ka ci ka tafi.

Akwai wani ruwan kuma a bayan Pratunam ɗin da muke kwana, magudanar Saen Saep, da jiragenta masu gudu. Ruwan baƙi ne yana wari, idan wani jirgi zai gifta sai kowa ya ja igiyar leda ta taso ta kare shi. Amma cikin 'yan mintoci zai kai ka kasuwar Bobae, inda kayan yara suka fi araha idan ka yi sammako, ya kuma ƙare a Phan Fa, gindin Tudun Zinariya mai matakala 344, inda za ka hango tsohon gari gaba ɗaya. A kan hanyar akwai Ban Krua, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Cham, masaƙan siliki. Su ne suka saƙa wa Ba'amurken nan Jim Thompson yadin da ya yi suna da shi, kafin ya ɓace a Malesiya a 1967 ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Gidansa na katako yana tsallaken ruwan, an mayar da shi gidan tarihi.

Kasuwa ba sai na koya wa ɗan Kwari ba. Chatuchak Asabar da Lahadi take ci, rumfuna fiye da 15,000, abin da ka gani ya yi maka ka saya nan take, don ba za ka sake gane rumfar ba. Ciniki da kalkuleta ake yi, da murmushi, wanda ya ɗaga murya ya ɓata cinikinsa. Zinare yana titin Yaowarat a unguwar 'yan Sin, tsarkinsa kashi 96.5 cikin 100, ana rubuta farashin ranar a jikin gilashi, ma'auninsa ma baht ake ce masa, ya ɗan haura giram 15. Canjin kuɗi kuma ka tafi da fasfo da sababbin 'yan dala ɗari-ɗari, wadda ta yamutse ko aka yi wa rubutu sai a dawo maka da ita.

Abu uku ba a wasa da su. Sarki: kada ka soke shi ko da da Hausa ne, dokarsu ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ce, ko kuɗi ya faɗi kada ka take shi da ƙafa don hotonsa na jiki. Sigarin lantarki haramun ne a ƙasar. Saƙo kuma, ko daga wa yake, kada ka karɓa sai ka buɗe ka gani. Lokacin zuwa mafi daɗi Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga 13 zuwa 15 ga Afrilu bikin Songkran ake yi, ana watsa wa kowa ruwa, ba ruwansu da shaddarka mai sitaci, shaguna da yawa kuma a rufe.

Ranarka ta ƙarshe, da la'asar sakaliya, shiga lambun Lumphini ka zauna bakin tafki. Guza ce ke yawo a wurin, wata ta kai tsawon mutum, tana ratsa masu motsa jiki ba mai ko kallonta. Ƙarfe shida daidai lasifika za ta saki taken ƙasa, mai gudu ya tsaya cak, mai shara ta tsaya da tsintsiya a hannu, kai ma ka miƙe. Ranar da na fara gani, guzar ce kaɗai ta ci gaba da tafiyarta.